Darasi Na 14: Hanyar Gida, Daga Tsibirin Itaka Zuwa Kasuwar Libiya

Ranar 29 ga Maris na 2025 rundunar sojan Sudan ta ba da sanarwar ƙwace Kasuwar Libiya, wadda ke Umbadda a yammacin Umdurman, daga hannun dakarun RSF, waɗanda mutanen gari ke kira Da'ama. Kusan shekara biyu ke nan da ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023. Duk wanda ya san kasuwar kafin wannan lokaci ya san abin da aka rasa: layin 'yan yadi da na 'yan takalma, dilolin kaya da ake lodawa a manyan motoci zuwa Kurdufan da Darfur, mata masu shayi da gahawa mai citta a bakin rumfuna, da hayaƙin agashe idan yamma ta yi. Bayan da sojoji suka karɓe babban birnin, sai jama'a suka fara komowa, wasu daga garuruwan arewa da gabas, wasu daga Masar. A watan Oktoban 2025 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan ɗaya sun koma Kartum cikin wata goma.

Kowane ɗayansu ya taho da tambayoyi a ransa. Gidan yana nan? Wa ke ciki? Waɗanda na bari sun riƙe amana? Za su ma gane ni? Darasinmu na yau a kan wata waƙa ce mai suna Odisi, da ta kai shekara 2,700 a duniya, wadda aka gina ta a kan waɗannan tambayoyi. Ku karanta a hankali, domin sunayen baƙi ne ga kunnenmu, amma mutanen da ke ɗauke da su duk kun san irinsu.

Waƙoƙin da mai su

Waƙoƙi biyu ne, Iliyad da Odisi. Girkawa sun danganta su ga wani mawaƙi mai suna Homa, wanda suka ce makaho ne. Masana sun fi karkata ga cewa an tsara su a wajejen ƙarni na 8 zuwa na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Iliyad tana da ɗango sama da 15,000, Odisi kuma kimanin 12,000, kowacce an kasa ta babi 24. Ta farko tana ba da labarin 'yan makonni ne kawai daga shekara ta goma ta yaƙin da Girkawa suka kai wa birnin Turoyi, wanda aka tono kufansa a tudun Hisarlik na ƙasar Turkiyya tun daga shekarun 1870. Ta biyu tana bin mutum ɗaya daga cikin mayaƙan, Odisiyus sarkin tsibirin Itaka, a kan hanyarsa ta komawa gida. Shekara goma a fagen fama, shekara goma a hanya.

Asalinsu waƙar baka ce. Tsakanin 1933 da 1935 wani malamin jami'a ɗan Amurka, Milman Parry, wanda ɗalibinsa Albert Lord ya taimaka masa, ya naɗi muryoyin mawaƙan ƙasar Yugoslabiya waɗanda da yawansu ba su karatu ba su rubutu, amma suna rera dubban ɗangwaye a zama ɗaya. Ya nuna cewa sirrin shi ne tarin kalmomi da kirari da mawaƙi ke riƙe da su a ka, ya jefa kowanne inda kiɗa ya nema, kuma haka waƙoƙin Homa suke. Turawa sun ɗauki wannan babban bincike ne. Mu da muka tashi muna jin Narambaɗa da Mamman Shata ba mu buƙatar dogon bayani a kai.

Wani zai ce me ya haɗa mu da waƙar mutanen da ke bautar gumaka? Gaskiya ne, Girkawan wancan zamani sun yi imani da alloli barkatai masu kishi da faɗa da juna, kuma za ku ji sunayensu a labarin. Amma malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da sauran mawaƙan Jahiliyya, ba don addininsu ba, sai don harshe da sanin halin ɗan Adam. Da wannan ido za mu duba. Larabawa ma sun riga mu: Sulaimanul Bustani ya fassara Iliyad zuwa Larabci, aka buga a Alƙahira a 1904.

Ƙasar nan tamu ma tana leƙowa a cikin waƙar. A farkon Odisi, abin bautar da suka ba mulkin teku, Fosaidon, ba ya nan, ya tafi cin liyafa wurin Itiyofiyawa. Haka Girkawa ke kiran baƙaƙen mutanen da ke kudu da Masar. Daga baya marubucin tarihinsu Hirodotus ya ce babban birnin waɗannan mutane shi ne Marawi ta dā, wadda dalolinta ke nan a Bajarawiyya, kimanin kilomita 200 arewa da Kartum.

Suna ko gida

Gwarzon Iliyad shi ne Akilis. Uwarsa ta gaya masa hanyoyi biyu ne a gabansa. In ya tsaya a Turoyi zai mutu da ƙuruciya, amma sunansa ba zai ɓace ba har abada. In ya koma gida zai tsufa cikin rufin asiri, ba wanda zai yi masa waƙa. Ya yi ta jinkiri, daga ƙarshe ya tsaya, ya kashe Hekta babban jarumin Turoyi, shi ma bai ga gida ba. A wajen Girkawan nan suna shi ne abin da mawaƙa za su faɗa a kanka bayan ƙasa ta rufe ido, kuma saboda ba su sa ran wani alheri a lahirarsu, sun ɗauke shi abin da ya fi rai.

To sai ga Odisi ta zo ta sa alamar tambaya a kan wannan ciniki. A babi na 11 Odisiyus ya je bakin ƙasar matattu ya gana da kurwar Akilis, ya shiga yaba masa da cewa ko a nan shi ne babba. Akilis ya katse shi. Ya nuna masa cewa da ya zama ɗan ƙodago a gonar talaka yana numfashi, ya fi masa sarautar matattu gaba ɗaya. Daga nan bai tambayi waƙar da ake yi masa ba. Ɗansa ya tambaya, da tsohon ubansa, ko mutane suna wulaƙanta shi yanzu da ƙarfi ya ƙare.

Shi kansa Odisiyus sai da son suna ya kusa hallaka shi, kuma wannan shi ne wurin da ya kamata ku fi riƙewa a rabin farko na labarin. Ya baro Turoyi da jiragen ruwa 12. A wani tsibiri ya shiga kogon wani dodo mai ido ɗaya, Folifimus, tare da mutum 12, don kawai ya ga ko za a yi masa kyautar baƙunta. Dodon ya toshe bakin kogo da dutse, ya riƙa cin mutanensa biyu-biyu har shida. Odisiyus ya ɗirka masa giya mai ƙarfi, da dodon ya tambayi sunansa ya ce masa sunansa Ba-kowa. Da barci ya kwashe shi, suka gasa tsinin wani gungumen zaitun a wuta suka tsire idon. Dodo ya yi kururuwa, 'yan'uwansa suka taru a waje suna tambayar wa ke cutarsa, ya ce Ba-kowa ne, suka watse. Da safe Odisiyus ya ɗaure mutanensa a ƙarƙashin cikin raguna, suka fice tare da garke.

Da nan ya tsaya da an gama. Amma da jirgi ya ɗan yi nisa, sai zuciya ta ɗebe shi. Mutanensa suna roƙonsa ya yi shiru, shi kuwa ya ɗaga murya ya yi wa kansa kirari, ya faɗi sunansa, da sunan ubansa Layartis, da sunan garinsu, don kada aikin ya tafi ba a san mai shi ba. Ashe dodon ɗan Fosaidon ne. Da ya sami suna sai ya sami abin da zai kai ƙara da shi. Ya roƙi ubansa kada mutumin nan ya ga gida, in kuwa an ƙaddara sai ya gani, to ya isa a makare, shi kaɗai, a jirgin aro, ya kuma tarar da fitina a gidansa. Haka aka yi, ba abin da ya kuskure. Baki shi ke yanka wuya. Ɓoye suna ya fitar da shi daga kogo, faɗin suna ya jawo masa shekaru a teku, kuma cikin mutanen jirage 12 ba wanda ya tsira sai shi.

Waɗanda hanya ta riƙe

Ba duk abin da ke hana matafiyi komawa ne ke da haƙora ba. Tun kafin kogon dodo, iska ta kai su wata ƙasa da mutanenta ke cin wani ɗan itace mai zaƙi. Ba su yi musu komai ba, ba su abincinsu kawai suka yi. Duk wanda ya ɗanɗana sai ya manta da maganar gida. Sai da Odisiyus ya jawo mutanensa suna kuka ya ɗaure su a cikin jirgi. Hirodotus ya ce a gaɓar tekun Libiya waɗannan mutane suke. Shi ma uban tafiyar ya shekara guda a gidan wata matsafiya yana ci yana sha, sai da mutanensa suka tuna masa. Daga baya wata aljana, Kalifso, ta riƙe shi shekara bakwai a tsibirinta, ta yi masa tayin rai marar tsufa marar mutuwa in zai zauna. Ya amsa mata cewa ya san matarsa Fenilofi ba ta kai ta kyau ba, kuma za ta tsufa, amma duk da haka gida yake so.

Nan ne labarin ya taɓa mu Hausawan Sudan, kuma nan ne ya kamata mu yi hattara da shi. Kakanninmu da yawa hanyar hajji ce ta kawo su, ta Borno da Wadai da Darfur, suna tafe suna ƙodago, wani ya shekara biyar bai kai bakin Bahar Maliya ba. Wasu hijira suka yi. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa har yau a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buɗe, aka sami aikin yi, aka yi aure, aka haihu, aka binne iyaye. Akwai dattawan da suka mutu suna cewa su a kan hanya suke, ko ta Makka ko ta gida.

Shin su ne masu cin ɗan itacen mantuwa? A ganina a'a, kuma wanda ya ce haka bai yi musu adalci ba. Mutumin da ya manta ba ya riƙe harshensa shekara 100, ba ya koya wa jikansa gaisuwar Kano a Umdurman. Abin da ya faru shi ne gida ya ƙaura. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu magana, amma ba su ce ba za a gina wani ba. Yaƙin 2023 ya fito da wannan fili. A watannin Afrilu da Mayu na shekarar an kwashe ɗaliban Nijeriya, wasu ta kan iyakar Masar, wasu ta Bur Sudan, jirage suka sauke su a Abuja. Bahaushen da aka haifi kakansa a Mai Wurno ko a Kassala ba jirgin da ke jiransa, don Itakarsa tana nan. Matsalar ita ce ba kowane maƙwabci ne ya yarda da haka ba. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na watan Yulin 2022, wanda ya ci rayuka sama da 100, a kan ƙasa da sarauta ya tashi, wato a kan wa ke ɗan gida wa ke baƙo.

Maigida cikin tsumma

Ku lura da yadda mawaƙin ya raba waƙarsa. Odisiyus ya taka ƙasar Itaka a babi na 13 cikin 24. Ke nan rabin waƙar kacokan a gida aka yi shi. Isa bakin gaɓa abu ne, komawa gida wani abu ne daban. Yana barci ma aka sauke shi, da ya farka hazo ya rufe ko'ina, bai gane ƙasarsa ba.

Halin da gidan ke ciki kuwa shi ne, samari 108 daga manyan gidajen Itaka da tsibiran kewaye sun tare a fadarsa, wai suna neman auren matarsa. Kullum a yanka masa dabbobi, a shanye masa randuna, har sun ƙulla kashe ɗansa Telimakus, wanda ya bari a goye. Fenilofi ta riƙe su shekara uku da dabara. Ta ce sai ta gama saƙa likkafanin surukinta, tana saƙa da rana tana warwarewa da dare, har wata baiwa ta tona mata asiri.

Odisiyus bai shiga gari da tambura ba, domin ya ji abin da ya sami shugaban rundunarsu Agamemnon. Shi wannan ya dawo a fili da ganima da girman kai, matarsa da kwartonta suka kashe shi a wurin liyafar tarbarsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sai abar bautarsu Atina, mai goyon bayansa, ta mayar da shi tsoho mai yamutsattsar fata, ta sa masa tsumma da sanda da tsohuwar jaka. Mutumin da ya kasa haɗiye sunansa na minti ɗaya a gaban dodo, yanzu zai haɗiye shi kwana da kwanaki a cikin gidansa.

Ya fara sauka a bukkar bawansa mai kiwon aladu, Yumayus. Wannan bawa ɗan sarki ne a asali, fatake suka sace shi yana yaro suka sayar. Bai gane maigidansa ba, amma ya shimfiɗa masa, ya ciyar da shi, da dare ya yi sanyi ya lulluɓa masa bargonsa. Baƙon ya shirga masa ƙarya cewa shi mutumin tsibirin Kirit ne, ya zauna a Masar shekara bakwai, har wani falke ya sa shi a jirgin da zai tafi Libiya da nufin sayar da shi a can. Yumayus ya yarda da duk wannan. Abu ɗaya ya ƙi yarda da shi, wato da baƙon ya ce Odisiyus na nan tafe, kuma shi kaɗai ne gaskiya a cikin zancen.

Daga nan ɓad-da-kamar ta zama ma'auni. Mabaraci ba ya da abin da zai ba ka, ba ya da abin da zai yi maka, saboda haka yadda ka yi da shi, shi ne ainihin halinka. Makiyayin awakinsa ya zage shi ya haure shi a hanya. Shugaban samarin, Antinawus, ya jefe shi da kujera. Wani ya wurga masa ƙafar sa. Ya sunkuyar da kai yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Waɗanda suka gane shi kuwa ba manya ba ne. A ƙofar fada akwai tsohon karensa na farauta, Argos, kwance a kan juji, kaska ta cika masa jiki. Da ya ji muryar sai ya kaɗa wutsiya ya kwantar da kunnuwa, bai iya tashi ba, ya mutu nan take. Odisiyus ya kau da kai ya share hawaye don kada a gani. Da dare Fenilofi ta sa tsohuwar da ta yi renonsa, Yurikiliya, ta wanke wa baƙo ƙafa. Ta kawo tasa, ta zuba ruwan sanyi ta sirka da na zafi. Shi kuwa ya juya wa wuta baya don ya tuna da wani abu, amma ya makara. Hannunta ya bi ƙafar ya kai kan tabon da gadu ya yi masa sama da gwiwa tun yana saurayi. Ta saki ƙafar, ta faɗa cikin tasa, tasa ta yi ƙara ta kife, ruwa ya malale a ƙasa. Kafin ta yi magana ta biyu ya cafke mata maƙogwaro, ya ce mata Inna ki rufa mini asiri.

Fenilofi ta fi kowa wuya, kuma da gaskiyarta, domin shekara 20 maƙaryata suna kawo mata labarin mijinta don a ba su riga. Ko bayan ya gama da samarin, ya yi wanka ya sa kayan sarauta, zama ta yi nesa da shi tana kallo. Sai ta ce wa tsohuwar a fitar masa da gadonsa waje. Nan mai dabara ya faɗa tarko, ya fusata, ya ce wa ya isa ya motsa gadon da shi da kansa ya sassaƙa a jikin kututturen zaitun mai saiwa a ƙasa, ya gina ɗakin a kewayensa? Sirri ne da ba wanda ya sani daga waje. Sannan ta tashi ta rungume shi. Tsohon ubansa ma sai da ya nemi shaida. Odisiyus ya nuna tabon, ya kuma lissafa itatuwan da tsohon ya ba shi yana yaro yana bin sa a lambu, har da ɓaure 40. Uwarsa ce kaɗai ba ta ga wannan rana ba, begensa ya riga ya kashe ta.

Duk wanda ya fita daga Umdurman a lokacin yaƙi ya san ɓad-da-kama ba tatsuniya ba ce. A shingen bincike mutum yakan goge abin da ke wayarsa, ya sa tsohuwar jallabiya, mai shago uku ya ce shi ɗan dako ne, ma'aikacin gwamnati ya ce bai taɓa shiga ofis ba. Da yawa kuma sun dawo sun tarar an zauna musu a gida, an kwashe har ƙofofi da wayoyin lantarki.

Bayan an kulle ƙofa

Wannan sashe shi ne mafi nauyi, kuma littattafan yara sukan tsallake shi. Fenilofi ta fito da bakan mijinta ta ce za ta auri wanda ya ɗana shi ya harba kibiya ta ratsa gatura 12. Samarin suka kasa ko tanƙwara shi. Mabaraci ya roƙa a ba shi, ya ɗana, ya harba, ta wuce. An riga an kulle ƙofofi. Kibiya ta gaba a wuyan Antinawus ta sauka yana kai kofi baki. Sannan Odisiyus ya bayyana kansa.

Ɗaya daga cikin manyansu ya miƙe ya ce mai laifin ya riga ya mutu, sauran za su biya duk abin da suka ci, kowane mutum ya ƙara da kimar shanu 20. Odisiyus ya ƙi. Aka kashe su duka, har da wanda ya kama gwiwarsa yana rantsuwa cewa shi hana su yake yi. Mawaƙin fada da sanƙira kaɗai aka bari. Daga nan aka tambayi tsohuwar nan wa da wa cikin bayi mata 50 suka ba da kai ga samarin. Ta ce 12. Aka sa su kwashe gawawwaki, suka wanke jini, sannan Telimakus ya rataye su a igiya ɗaya. Ba wanda ya tambaye su ko baiwa tana da ikon ce wa ɗan sarauta a'a a gidan da maigida ba ya nan. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Mawaƙin bai ɓoye sakamakon ba. Washegari iyayen samarin suka taru, uban Antinawus ya ce mutumin nan ya tafi da 'ya'yanmu a jirage bai dawo da ko ɗaya ba, yanzu ya zo ya karkashe waɗanda suka rage. Maganarsa ba ƙarya a ciki. Suka ɗauki makamai, aka fara sabon yaƙi, har sai da Atina ta tsawata aka yi sulhu da rantsuwa. Wato mutanen Itaka da kansu ba su iya tsayar da ramuwar ba, sai da mawaƙi ya sauko da wani daga sama.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. A farkon Afrilun 2025 shugaban ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, Volker Türk, ya nuna kaɗuwarsa da rahotannin kashe fararen hula ba tare da shari'a ba a wasu unguwannin Kartum, bisa zargin sun haɗa kai da Da'ama. Wanda aka ci wa gida yana da haƙƙi, kuma ba wanda zai ce masa ya manta. Amma mai shayin da ta zauna don ba ta da kuɗin mota, ta sayar wa duk wanda ya tsaya mata da bindiga, ba ita ta kawo yaƙi ba.

Akwai labarin da kuka fi sani mai kama da wannan. Annabi Yusuf (AS) ya rabu da gida yana yaro, 'yan'uwansa suka zo gabansa a Masar ya gane su ba su gane shi ba, ya jarraba su, kuma rigarsa ce shaidar da aka kai wa tsohon ubansa. Kusan kowane mataki akwai irinsa a Odisi. Inda suka rabu shi ne ranar da aka bayyana suna. Annabi Yusuf yana da ikon da ya fi na Odisiyus a kan waɗanda suka cuce shi, ya yafe musu, ya ce su kwaso iyalansu su zo.

Tambayoyi

1. Me ya sa Odisiyus ya faɗa wa dodo sunansa bayan ya riga ya tsira, kuma me hakan ya jawo wa mutanen da ke tare da shi?
2. Kare, da tsohuwa, da mata, da uba, kowa da irin shaidar da ya gane shi da ita. Wacce ta fi ƙarfi a ganinku? Ku kwatanta da yadda Bayajida ya tabbatar wa mutanen Daura cewa shi ya kashe macijin rijiyar Kusugu.
3. Da ku ne dattawan Itaka, wane hukunci za ku yanke wa samarin, wane kuma za ku yanke wa bayin nan 12?
4. Bahaushen da aka haifa a Umdurman, ina ne gidansa? Ku tattauna a rukuni, kowa ya kawo dalilinsa.

Aikin gida

Kowa ya nemi mutum ɗaya da ya daɗe ba ya gida sannan ya dawo, ko daga gudun hijira, ko daga neman kuɗi a Libiya ko Saudiyya, ko daga doguwar tafiyar karatu. Ku tambaye shi wa ya fara gane shi, me ya tarar ya canza, kuma me ya yi da waɗanda suka ci amanarsa, in akwai su. Ku rubuta abin da ya faɗa a shafi ɗaya da kalmominsa. Kada ku sa sunansa ko unguwarsa, kuma in ya ce ba ya son magana ku ƙyale shi ku nemi wani. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya riƙe labarin a ka, zai ba da shi da baki a aji mako mai zuwa.